Kunnen Kaka Ishaku

Tun Malam Sharafaddeen yana yaro akwai wani hoto rataye a zauren gidansu na Rikkos. Tsohon hoto ne, har ya fara komawa ruwan ƙasa: wani ƙaton mutum zaune kan kujera, da babbar riga da rawani, ya dafa sanda, ya ɗaure fuska tamau. Kowa a gidan ya taso da sanin cewa hoton Kaka Ishaku ne, wanda ya fara zuwa Jos zamanin haƙar kuza. Ban da wannan ba wanda ya san komai a kansa, amma rashin sani bai taɓa hana Sharafaddeen bayani ba. A shagonsa na ɗinki, in mutum ya zauna jiran kaya, zai ji cewa Kaka Ishaku ya shugabanci leburori ɗari biyar. In guga ta yi jinkiri, su koma dubu.

Da ya cika shekara sittin sai ya ƙudura tara zuri'ar Ishaku gaba ɗaya bayan babbar sallah. Ya ɗora wa 'yarsa Salma, wadda ta gama jami'a, aikin rubuta tarihin gidan. Ya sa aka buga hoton a kalanda, da rubutu a ƙasa: Zuri'ar Ishaku Mai Sanda. Ya ɗinka wa kansa riga irin ta hoton, ya sayo sanda, ya riƙa gwada ɗaure fuska a madubin shago. Ya ce hancinsu ɗaya da marigayin. Salma ta duba ta sake dubawa, ta ce ita dai ba ta ga kama ba. Ya ce waya ce ta lalata mata ido.

Saura sati biyu taro, Mama Abosede ta kawo ɗinki. Bayarabiya ce haihuwar Jos, dillaliyar tumatir a Farin Gada, kuma ta fi shekara ashirin ba ta kai wa wani tela kayanta ba sai shi. Tana cikin kwance ƙullin atamfa idonta ya faɗa kan kalandar. Ta saki ƙullin, ta matsa har hancinta ya kusa taɓa bango.

"Oga tela, wa ya ba ka hoton kakana?"

Sharafaddeen ya yi dariya, ya ce ai wannan kakansa ne. Ta ce a'a, wannan Baba Alimi ne, yana nan a falonsu sama da talabijin, kuma duk gidansu an san goshinta irin nasa ne. Ya ce ina Bayarabe ina wannan rawani. Ta ce Baba Alimi ya yi shekara hamsin a Jos, in ya ga dama rawani biyu ma zai naɗa. Suka yi ta yi har aka kira la'asar, ba a auna ko hannun riga ba.

Washegari ta dawo da nata hoton naɗe cikin ɗankwali. Aka jera su kan teburin yanka. Mutum ɗaya ne, kujera ɗaya, sanda ɗaya, fuskar nan a ɗaure duka biyun. Sharafaddeen ya zauna kan kujerar keken ɗinki. Sai ya ce wataƙila tagwaye ne. Salma ta tambaye shi ko tagwayen kan kujera ɗaya suka zauna lokaci ɗaya. Ita ce ta kawo shawarar a je Kuru wajen Gwaggo Hasiya, autar Ishaku, wadda ita kaɗai ta rage cikin 'ya'yansa.

Ranar Asabar su uku suka shiga motar haya, manyan biyu kowa rungume da kakansa. Har suka wuce Bukuru Sharafaddeen da Mama Abosede ba su yi wa juna magana ba, sai dai kowa ya gaya wa Salma abin da yake so ɗayan ya ji.

Sun sami Gwaggo Hasiya a tsakar gida tana ɓare gyaɗa. Ta haura tamanin da biyar, amma ba ta sa tabarau. Sai da aka gaisa, ta tambayi kowa da kowa, ta yi faɗan an daina zuwa, sannan ta yarda aka ajiye hotunan a gabanta. Sharafaddeen ya durƙusa ya roƙe ta ta gaya wa wannan baiwar Allah ko hoton nan na Baba Ishaku ne.

"Ƙwarai kuwa, hoton Baba ne," in ji Gwaggo.

Sharafaddeen ya waiwaya ya dubi Mama Abosede, ya gyara wuyan riga. Sai Gwaggo ta miƙa yatsa. Yatsan ya wuce rawanin, ya wuce kafaɗar mai sanda, ya tafi can gefen dama inda labulen bayan hoton ya ƙare. A wurin akwai yatsu huɗu riƙe da bakin labulen, sama da su kuma wani abu ya leƙo kamar ganyen kabeji.

"Ga shi nan. Wannan kunnensa ne."

Salma ta dubi kunnen hoton, ta dubi na mahaifinta, ta taɓa nata, ta juya baya kafaɗunta na rawa.

Gwaggo ta ci gaba da ɓare gyaɗarta tana ba da labari. Ta ce Baba Ishaku ya zo daga ƙasar Katsina da ƙafa, ya yi kwana tara rak a ramin kuza. A rana ta goma ya ga injin haƙa yana cin ƙasa, ya ajiye kwanonsa ya ce abin da ke cin ƙasa haka wata rana mutum zai ci, bai sake komawa ba. Wani mai ɗaukar hoto ne ya ɗauke shi aikin riƙe labule, kuma mai hoton nan shi ne Alimi. Shi kuwa na kan kujera, ta ce ba wanda ya san shi. Wani bafatake ne ya zo aka ɗauke shi, ya ce zai dawo ranar kasuwa, har yau bai dawo ba. Hotunansa guda biyu suka zauna wajen Alimi. Da Baba ya ga kunnensa ya fito, murna ta kama shi, ya roƙi ɗaya ya kawo gida, don shi ne karo na farko da na ƙarshe da ya shiga hoto.

Sharafaddeen ya tambaye ta, da murya ƙasa ƙasa, me ya sa duk shekarun nan ba ta faɗa ba. Ta ce kullum cewa suke hoton Baba ne, kuma Baba yana ciki, to me za ta gyara?

Mama Abosede ta riga ta fara dariya, har da share hawaye da bakin gyale, sai ta tuna da nata. Ta tambaya to ina Baba Alimi. Gwaggo ta sauke yatsa ƙasan hoton, kusa da takalmin bafataken, inda wani baƙin tabo ya kwanta a ƙasa. Ta ce inuwar kansa ke nan, rana tana bayansa. Mama Abosede ta daɗe tana kallon tabon.

"Oga tela," ta ce, "inuwa na kakana ya fi kunne na kakanka girma."

A hanyar komawa Sharafaddeen ya ce a soke taron. Salma ta ƙi. Ta kunna masa muryar Gwaggo da ta naɗa a waya, wajen da bai saurara ba saboda baƙin ciki. A nan Gwaggo take cewa labulen Alimi kullum cikin yagewa yake, Baba ne ke ɗinkewa da allura, har hannunsa ya faɗa, mutane suka fara kawo masa riguna. Shi ya koya wa mahaifin Sharafaddeen ɗinki. Sharafaddeen ya ce ta maimaita wurin. Ta maimaita sau uku kafin su iso Rikkos.

An yi taron a ranar da aka sa. Kalandar dai an riga an buga, don haka Salma ta bi su ɗaya bayan ɗaya ta zagaye kunnen da jan biro. Aka ɗauko Gwaggo daga Kuru, aka zaunar da ita a tsakiya, ta yi awa biyu tana lissafa wa ya haifi wa, Salma na rubutawa, jikoki na gyara mata tana gyara musu. Mama Abosede ta zo da 'yan'uwanta goma sha ɗaya da kwandon tumatir, suka zauna a layin gaba ba tare da an nuna musu ba.

Da aka zo addu'a, liman ya yi wa Ishaku, ya yi wa Alimi, sannan ya nuna mai rawanin ya tambayi sunansa. Aka dubi juna. Sharafaddeen ya ce sunan dai ba su da shi, amma mutumin ya fi shekara saba'in a gidaje biyu, bai taɓa ɓata wa kowa rai ba, a sa shi a ciki. Liman ya ɗaga hannu ya roƙa wa bawan Allah mai kujera gafara, jama'a suka amsa, aka shiga rabon shinkafa.