Ko Ɗigo, Baba

Ranar da Malam Lirwanu magini ya miƙa wa Murtala makullin sabon gidansa a Bodinga, Murtala ya yi wani abin da ya daɗe yana alfahari da shi, daga baya kuma ya daɗe yana cizon yatsa a kansa. Ya gyara tsayuwa a gaban limamin unguwa da maƙwabta, ya ce shi fa ma'aikacin lafiya ne, ko firjin allurar rigakafi da garanti ake kawo masu shi, balle gida sukutum.

Malam Lirwanu dattijo ne mutumin Shagari, magini kuma kafinta, tafin hannunsa kamar ɓawon kuka. Ya dubi Murtala sama da ƙasa, ya juya wajen liman.

"To ku shaida. Damina biyu. Abin da duk ya tsage ko ya zuba kahin a yanke geron damina ta biyu, gyaran nawa na. Kai dai ka buɗe baki ka hwaɗa mani."

"Ai ni ba ni da nauyin baki," in ji Murtala, har da ɗan murmushi.

Kuma a lokacin gaskiya ya faɗa. Ba a yi nisa ba sakatar ƙofar gida ta cije, ya hau babur ya nufi Shagari da zafinsa. Ya yi sallama, aka turo babbar 'yar gidan, Bilki, ta ce Baba ya tafi aiki Kajiji, amma za ta faɗa masa. Washegari aka gyara sakata. Murtala ya koma Shagari don ya sanar cewa an gyara. Ya sake komawa ya ba da labarin cewa har yanzu tana aiki. Kafin damina ta farko ta ɗauke, duk unguwar su Bilki an san lafiyar sakatar nan, da kaka kuma aka ɗaura aure.

Ta haka magini ya zama Baba. Murtala mai tsayawa ƙerere ya koma mai tuɓe takalmi tun daga gindin dalbejiyar ƙofar gida, ya durƙusa a bakin zaure, idonsa a kan babban yatsansa na ƙafa.

Damina ta biyu ta zo da ƙarfinta. Bilki tana Shagari, ta je haihuwar fari a gidan iyayenta kamar yadda aka saba, ta sauka lafiya, namiji, tana wankan jego. Murtala shi kaɗai a gida. Wata ranar Asabar da la'asar hadari ya taso daga gabas, yana zaune a bakin gado yana ninke kaya, sai ya ji ɗis a ƙeyarsa. Ya ɗaga kai. Ɗis a goshi. Silin ya yi wani tabo mai kama da taswirar ƙasar da ba a koya masa a makaranta ba, kuma daidai wajen da aka ce za a sa katifar jariri.

Ya kawo bokiti. Ruwa na gaba ya buɗe wuri na biyu, ya kawo baho. Na bayansa ya buɗe na uku da na huɗu, kayan ɗakin girki suka ƙare. Nan idonsa ya faɗa kan kabet ɗin Bilki, inda samirunta na jere suke a layi, farare masu furen shuɗi, waɗanda tun ranar da gwaggonninta suka jera su ko ruwan sha ba a taɓa zubawa a ciki ba. Ya ce a ransa guda ɗaya zai ara. Samira kuwa kamar gyaɗa ce, ba a cin ɗaya a tsaya.

Duk Juma'a yana zuwa Shagari ganin mai jego da gaida surukai, kuma duk Juma'a yana fita da jawabinsa a shirye. Yakan fara shi tun daga kasuwar albasa da murya mai kauri: Baba, rufin nan yana zuba. Kafin ya yi rabin hanya ya koma: Baba, kamar dai akwai ɗan danshi. Yana hango dalbejiya sai jawabin ya narke gaba ɗaya. Ta yaya mutum zai dubi wanda ya ba shi 'ya ya ce masa aikinka bai yi ba? Ta yaya ma zai ambaci ɗakin kwana a gabansa?

Abin haushin, tsohon da kansa yake buɗe masa ƙofa.

"Murtala, ruwan ga na bana da iska shika zuwa. Gida dai lahiya? Bai taɓa ku ba?"

"Lahiya lau, Baba. Ko ɗigo."

"Ko ɗigo?"

"Ko ɗigo, Baba."

Sai Malam Lirwanu ya ja carbi, ya ce madalla. Murtala ya hau babur yana zagin kansa har gida. Shi ne mai tara mata a asibiti yana ce masu kada su ɓoye ciwo, wai ɓoye ciwo shi ke kashe mutum. Ga shi yau yana jinyar rufi a ɓoye kamar mai cikin shege.

Da ya ga gero ya fara fitar da kai, ya yanke shawarar yin maganin abin da kansa. Ya sayo kwalta, ya narka a tsohon gwangwani, ya ari tsani, ya hau. Bai san inda ramin yake ba, don haka ya yi wa kwanon adalci, ya shafa ko'ina. A wajen saukowa ya taka wani wuri ya ji ya lotsa. Ruwan da ya biyo baya bai tsaya yin ɗis ɗis ba, zuba ya yi kamar daga bakin buta, kuma yanzu da launin shayi.

Ana saura kwana kaɗan a yi arba'in a maido Bilki, Gwaggo Atika ta sauka daga a-daidaita da tsintsiya da kaskon turare. Yayar Malam Lirwanu ce, ita ta jagoranci jeren ɗakin, ita kuma aka turo ta share ta turara kafin mai jego ta dawo. An kwana ana ruwa, Murtala kuma ya makara bai kwashe shaidu ba. Ya bi ta a baya yana cewa ta fara hutawa a falo, ta sha ruwa. Ta ɗaga labule.

Samiru a kan gado, samiru a ƙasa, ɗaya a kan akwati, kowace da ruwanta. Katifa an jingine ta a bango tana warin danshi. Gwaggo Atika ta ajiye tsintsiya a hankali.

"Likita bokan Turai. Kamun kihi kaka yi cikin ɗakin ɗiyata?"

"Gwaggo, ɗan danshi ne."

"Danshi? Wanga ko jirgin ruwan Argungu ya biyo ta nan ba shi kahewa. Samirun da munka jera da hannunmu! Tun yaushe?"

"Ya kai wata guda."

"Lirwanu ya sani?"

Murtala ya dubi babban yatsansa, tsohon abokin shawararsa.

"Awo," in ji ta. "Kunya. To ji nan. Jinjiri ba shi kwana ɗakin ga, sanyi shi kama mai haƙarƙari. Bilki na nan Shagari har ran da rufin ga ya daina hawaye, ko da yaron zai yi gemu can."

Murtala ya durƙusa sosai, ya ce don Allah ita da take yayar Baba ta ɗan shafa masa maganar.

"Ni? In na hwaɗa, cewa za shi yi Atika ta sake ɗauko tsegumi. Tun muna ƙanana in na ce rana ta hito sai ya leƙa waje. Kai anka yi ma alkawali gaban liman, kai kac ce ba ka da nauyin baki. Duk mun ji labari. Kuma gero ya kusa yanka, sai ka yi ta zama."

Ta ƙi shara, ta ƙi kunna turare, ta ɗauki kaskonta ta tafi.

Murtala ya zauna a tsakiyar samiru. Ya gwada jawabin da ƙarfi, ya ji muryarsa tana rawa alhali ba kowa a ɗakin sai ƙadangare a taga. Ya san halinsa. In ya je da baki kaɗai, ko ɗigo zai sake cewa, ya dawo ya ci gaba da zama gwauro a gidan da ke da mata da ɗa. Idonsa ya sauka kan ƙaramar samirar da ta cika fal, har da ɓaɓɓakin silin yana yawo a sama. Ya daɗe yana kallonta. Sannan ya rufe ta da murfinta, ya ɗaure da ƙyalle kamar abincin biki, ya ɗora a tankin babur.

Hanyar ba ta ji tausayinsa ba. Kowane rami sai samira ta yi masa tofi a cinya. Ya isa Shagari wandonsa a jiƙe ta inda bai kamata ba, yara a gindin dalbejiya suna nuna shi da baki. Ya tuɓe takalmi, ya yi sallama, ya durƙusa. Bayan an gama gaisuwa tun daga gajiya har dabbobi, ya tura samirar gaban tabarma da hannu biyu.

"Hidima kuma? Ai da ba ka wahala ba," in ji Malam Lirwanu. Ya kwance ƙyallen, ya yi bisimilla, ya ɗaga murfi.

Tsohon ya sa yatsa ya tsamo ɓaɓɓakin silin, ya murza, ya sansana. Murtala ya yi fatan ƙasa ta tsage, ko da yake ya san in ta tsage ma ba zai iya kai ƙara ba.

"Wane ɓangare?"

"Gabas, Baba."

"Gabas ina? Falo?"

"A'a. Ciki."

"Ciki ina?"

"Wajen da... wajen da ake ajiye matashi."

Malam Lirwanu ya yi tari, ya kau da kai wajen bango, kafaɗunsa suna ɗan motsi. Da ya juyo ya nuna bayan ƙofar zaure da carbi. Murtala ya waiga. Sababbin fallayen kwano ne a jingine, ƙasansu har ya yi ƙura.

"Tun ruwan hwari sunka zo nan. Gotar gabas ɗin nan, inda rufi biyu sunka haɗu, kwano ya gaza muna munka yi haɗi, raina bai taɓa kwantawa da ita ba. Kullum kaz zaka sai in tambaye ka, kai ko sai ko ɗigo, ko ɗigo, kamar mai karatun allo."

"Baba, da kun zo kun duba ai..."

"In zo? Gidan ɗiyata ta hwari, ba a kira ni ba, in kama tsani in hau saman ɗakinta? Mutanen Bodinga su ce mi? Kai kaɗai anka raba ma kunya?"

Ashe damina guda suka yi suna gadin rami ɗaya, shi daga ƙasa, tsohon daga Shagari.

Da hantsi washegari Malam Lirwanu ya iso da kwanonsa a motar ɗaukar albasa. Bai shiga gidan ba. Ta bayan katanga ya kafa tsani, ya hau da guduma a ƙugu da ƙusoshi a cikin ƙaramar samirar, wadda bai ga dalilin maidowa ba. Murtala ya tsaya a ƙasa yana riƙe da tsanin da ba ya bukatar riƙo. Can sai ya ji salati daga sama.

"Wane maƙiyin Allah ya zuba kwalta nan? Ya toshe hanyar ruwa, ya kuma taka kwano ya lotsa shi kamar saniya ta bi ta kai!"

Maƙwabta sun fara leƙowa. Murtala ya gyara murya.

"Wani ne, Baba."

"Ka san shi?"

"Sama-sama."

"To in kun gamu, ka ce mashi ya tsaya ga allura."

Aikin ya ci yini biyu. Aka sauya gota da fallayen da wani ya taka, aka cire silin da ya ruɓe. Gwaggo Atika ta dawo da kaskonta, ta sa aka watsa bokiti bayan bokiti a kan rufin tana tsaye a ɗaki, ta ɗaga kai kamar mai duban wata. Da ba ta ga komai ba ta kunna turare, ta sa Murtala ya wanke samiru ɗaya bayan ɗaya da toka, tana zaune a kujera tana nuna masa inda bai fita ba.

Ranar da aka maido Bilki, mata cike da mota da guɗa, hadari ya biyo su tun daga Shagari. Ruwa ya sauka kamar da gayya. Murtala ya kasa zama wajen baƙi, yana ta kai da kawowa a ƙofar ɗaki yana kasa kunne. Ba ya jin komai sai ruwa a kan kwano, da ɗan minsharin jariri a daidai wajen da taswira take a da. Bilki ta dubi kabet, ta dube shi.

"Ina ƙaramar samirata?"

"Tana wurin aiki," in ji shi.

Juma'ar da ta biyo, gero ya sunkuyar da kai a gonakin bakin hanya, wasu har sun fara yanka. Murtala ya tuɓe takalmi a gindin dalbejiya, ya durƙusa a bakin zaure, zuciyarsa wasai.

"Ya ruwan shekaranjiya?" in ji Malam Lirwanu. "Bai taɓa ku ba?"

"Ko ɗigo, Baba."

Tsohon ya daina jan carbi. Ya dube shi tsawon lokaci, sannan ya karkata kai wajen ƙofar cikin gida ya ɗaga murya.

"Atika! Ɗauko mayahinki, ki tai Bodinga ki gano mani."