Tiyo a Hannun Hanif

…in dai ya kai ƙarshen hutun tarar nan bai daki kowa ba. Shi ke nan. Ba ta roƙi Allah mota ba, ba ta roƙi kujerar Makka ba — wannan kawai. Anti Muhibba tana tsaye a barandar 'yan aji uku, yara sun cika fili da ihu, ita kuwa ɗaya take gani. Hanif. Ga shi can gindin mangwaro, hannuwa a aljihu. Ita ta ce ya riƙa cusa su ciki in zuciya ta taso. To aljihun wandon makaranta, zuciya nawa zai ɗauka?

Hajiya Sauda mai makarantar ba ta ɗaga murya, shi ya sa ake tsoronta. "Muhibba, iyaye sun gaji da kawo ƙara. Ya sake taɓa ɗan wani, sallamarsa zan yi." Jiya ke nan. Ga labulen ofishinta yana motsi… ko fanka ce?

Wai biskit! Dariya ta kusa ƙwace mata. Ita da ta tashi a Tudun Murtala, inda alawar madara guda take raba faɗa har ta ƙulla aminci, ta sayo kwalin biskit ta ce duk wanda ya gama tara bai yi faɗa ba yana da rabo. A Nasarawa fa! Ga 'ya'yan da direba yake biyo su da kula cike da kaza. Wata 'yar ficiciya ta juya biskit ɗin ta ce, "Anti, ai irin wannan maigadinmu ake saya wa." Ranar a gaban kwalin aka yi dambe. Bulala kuwa an hana, ko ba a hana ba ma — ita da ta sha ta a firamare, me ta koya ban da gudu?

Wayyo, ga Sadiƙ ya nufo mangwaron da ƙwallo a hammata. Duk faɗin filin nan, Sadiƙ? Yaron da bakinsa ya fi hannunsa zafi, kuma shi ne Hanif ya fasa wa leɓe wancan makon. Koma, ɗan albarka… koma wajen lilo.

Can jikin katanga ta zaunar da Hanif ranar leɓen farko — a'a, wannan na wani yaron ne, sun yi yawa. Yana zaune yana huci, sai ta ga hucin ya tsaya. Ya saki baki yana kallon Baba Mamman mai kula da fulawa yana ba shuka ruwa, ya ɗora babban yatsa a bakin tiyo ruwan yana bajewa.

"Anti, shi wannan Baban kullum yana wasa da ruwa, ba a yi masa faɗa?"

Allah sarki. Gidansu har wurin ninƙaya akwai, an kewaye shi da ƙarfe an sa kwaɗo. Ya taɓa famfo a ce mura, ya taka ƙasa a ce tsutsa. Ashe abin da ba a sayar wa iyayensu a kanti shi ne ladan! Washegari ta kafa doka: wanda ya gama tara bai daki kowa ba, bai ture kowa ba, zai riƙe tiyo. Baba Mamman ya ce to, in dai ba za su nutsar masa da fulawa ba. Abin nema ya samu. Yaran da ake raba su da ƙyar suka koma ba juna haƙuri da Turanci, ana layi har bakin famfo, iyaye mata suna waya suna tambayar me ya jiƙa safa. Kowa ya riƙe. Kowa, ban da wanda aka ƙirƙiro abin dominsa. Kullum sai ya kusa, sai wani ya taka shi, sai hannu ya riga tunani.

Sadiƙ ya buga masa ƙwallon a ƙirji. Da gangan — ta gani, da gangan ne! Yana faɗin wata magana, yara sun fara taruwa, sun san inda ake samun kallo. Ta je? In ta je ta raba, Hajiya za ta ce ai riƙe shi aka yi. In ba ta je ba… Ƙafarta ɗaya ta riga ta sauka daga baranda. Hasbunallahu. Hannun dama ya fito daga aljihu. A dunƙule.

Hanif, ruwa. Tuna ruwan nan, ɗana. Sanyinsa a yatsa…

Ya ɗaga. Ya tsaya. Ya juya yana kallon wajen famfo, inda tiyon yake a naɗe. Hawaye ya cika ido — sai ya kai wa mangwaro naushi! Mangwaro! Bishiya ba ta da uwar da za ta kawo ƙara. Yana yarfe hannu yana tsalle da ƙafa ɗaya, ga ƙararrawa ta kaɗa, ita kuma wa ya ce ta yi guɗa? A makarantar kuɗi, gaban ofis? Ta riga ta yi. Daɗi ya kashe ta, wallahi daɗi, ko ranar da aka ɗauke ta aiki ba ta ji irinsa ba.

Ga shi a gaban layi, ba wanda ya yi gardama, har Sadiƙ ya matsa masa. Baba Mamman ya miƙa masa tiyon da hannu biyu kamar mai ba da tuta. Ruwan ya zo da ƙarfi ya fizge shi, ya jiƙe tun daga kai har takalmi, yana ƙyalƙyala dariya. Ashe yana da wushirya? Tun farkon shekara yake ajinta, yau ta fara ganin haƙoransa. Labulen ofis ya koma ya rufe. Ya tsira yau. Gobe ma zai riƙe, jibi ma, har hannun ya saba, har ya manta da…

Mene ne wancan ya sauka a kan katanga? Baƙi, doguwar ƙafa, farin ciki. Shamuwa. Yaran sun gan ta, suna nuna ta suna tsalle. Kowa ya ga shamuwa ya ga damina — ga gabas ma ta fara haɗa gira. In sama ta ɗauke wa Baba Mamman ban ruwa, ya naɗe tiyonsa ya kai sito…

"Anti! Anti, kalle ni!"

Tana kallo, tana ɗaga masa hannu, murmushin bai bar fuskarta ba. Hannun nan jiƙaƙƙe, mai ƙujewar mangwaro… in ruwa ya sauka, me za ta sa masa a ciki?