Ta Tsakiyar Ce Ta Dace da Hannunta

Rhonda ta jera ƙananan bindigogi uku a kan kanta, bakin kowacce yana kallon bango, sannan ta ja da baya don yarinyar ta duba.

"Ba wadda ke da harsashi a ciki, 'yar nan. Ɗauki ki ji."

Yarinyar, wadda ta ce sunanta Carissa, ta kai hannu kan 'yar mitsitsiyar da ba ta wuce tafin hannu ba. Rhonda ta yi murmushi. Tun kafin furfura ta fito mata take tsaye a bayan kantar nan, a shagon bindigogin tsoho Harlan da ke bakin titin da ya fita daga birnin Tulsa na Amurka, kuma kusan duk macen da ta shigo karon farko ƙaramar take fara taɓawa.

"Kada ƙanƙantarta ta ruɗe ki," in ji Rhonda. "Ta fi kowacce shuri. Ba ta da nauyin da zai shanye ƙarfin harbi, sai ta sauke shi duka a wuyan hannunki. Sau biyu za ki harba ki tsane ta. Ta tsakiyar nan nake ba mata. Tana da ɗan nauyi, ƙotarta tana cika hannu, kuma tana ɓuya a ƙarƙashin riga."

"Babbar take so."

Mutumin da suka shigo tare ne ya yi magana. Dogo ne, sanye da hular hana sallah da rigar kamfanin gyaran rufi, an ɗinka sunansa a ƙirji: Wade. Yana tsaye dab da bayan Carissa har numfashinsa yana kaɗa mata gashi.

"Ita na tambaya, Malam."

"Ni kuma na amsa miki, Mama. Matata ce, na san abin da take so. Ko ba haka ba, Rissa?"

"Haka ne," in ji Carissa, idonta a ƙasa.

Rhonda ta tura mata babbar. Yarinyar ta ɗaga ta da hannu biyu, yatsanta da ƙyar yake kai kunamar. Da hannun rigarta ya zame, sai ga wani tabo a wuyan hannun hagu, shuɗi a tsakiya, ruwan ɗorawa a gefe, da sawun yatsu a jere. Ta yi maza ta ja rigar.

Ba tabon kaɗai ya tsaya wa Rhonda a rai ba. Namijin da ke son bindiga, in ya gan ta a kan kanta, hannunsa ƙaiƙayi yake yi. Sai ya ɗauka, ya juya, ya leƙa saiti, ya yi wa matarsa bayanin da ba ta nema ba. Shi kuwa Wade tun da ya shigo hannayensa suna cikin aljihu, kuma ya san inda kowace kyamara take, don bakin hularsa kullum yana tsakaninsa da ita. Irin mutanen da kotu ta hana riƙe makami ne suke tsayuwa haka, su kawo mace ta saya da sunanta.

"A shagon nan ba ma sayar wa sabon hannu bindiga sai ya gwada," in ji Rhonda. "Ɗakin harbi yana baya. Ku ba ni lasin tuƙinku, ku biyun."

Carissa ta ciro nata. Wade ya dafa ƙirji, ya dafa aljihun baya.

"Na manto nawa a gida."

"To sai ka yi kallo ta gilashi. Harlan! Ba baƙonmu kofi."

Tsoho Harlan ya ɗago daga bindigar farauta da yake gogewa. Ya dubi Rhonda, ya dubi Wade, ya ajiye tsumman.

"Miye amfanin gwajin?" in ji Wade. "Kuɗi muka kawo, ba jarrabawa muka zo ba."

"Ba zai daɗe ba," in ji Carissa da sauri. "Don Allah, Wade."

Ya kama ƙeyarta da tattausan hannu, kamar mai shafa, ya raɗa mata wani abu. Sannan ya sake ta.

Ɗakin harbin yana warin albarushi, babu kowa sai wani dattijo a can ƙarshe da ke harba tasa a hankali. Rhonda ta sa wa Carissa tabarau da abin toshe kunne, irin wanda ke kashe ƙarar harbi amma yana barin muryar mutum ta wuce. Ta tsaya ta gefen dama, ta ba gilashin baya, yadda jikinta zai kare fuskar yarinyar.

Suka fara da babbar. Harbin farko bakin bindigar ya yi sama, Carissa ta runtse ido, ta ciji leɓe don zafin wuyan hannu. Harsashin ko takardar bai taɓa ba.

"Ajiye. Ga ta tsakiyar. Matse da hannu biyu, ki ɗan sunkuyo gaba. Kada ki fizgi kunamar, ja ta a hankali har ta ba ki mamaki."

Tau! Rami ya bayyana kusa da baƙin da'irar. Carissa ta buɗe baki. Ta sake harbawa, ta sake, ramukan suka taru wuri guda kamar an ɗiga su da gangan.

"Ba ta ji mini ciwo ba," in ji ta, kamar mai magana da kanta.

"Ci gaba da kallon takardar, kada ki waiwaya," in ji Rhonda. "Bindigar nan ta wa ce?"

"Tawa ce."

"Babbar fa, ta wa ce?"

Dattijon can ya harba, ƙarar ta mutu a bango.

"'Yar nan, in kika sa hannu cewa taki ce alhali tasa ce, ke za a ɗaure, ba shi ba. Wannan ma ƙaramin abu ne. Na ga hannunki. Mutumin da ya yi miki haka da yatsu, me kike ganin zai yi in ya samu wannan?"

Rhonda ta ɗora hannunta a kan na Carissa, ta karkatar da bakin bindigar ƙasa, kamar mai gyara mata riƙo.

"In na fita ba tare da ita ba, kin san abin da zai same ni yau?" in ji Carissa. "Ya ce in na ɓata masa wannan ma..."

"Akwai ƙofa a bayan waccan durowar. Motata tana wajen. Harlan zai riƙe shi da surutu, ni in kai ki gidan da ba zai taɓa samun ki ba. Matar da ke kula da gidan ƙawata ce. Yanzu-yanzu, in kin yarda."

"Lacey tana wurin mahaifiyarsa."

"Wace ce Lacey?"

"'Yata. Ba ta ko shiga makaranta ba. Da gangan ya kai ta can da safe."

Rhonda ta lumshe ido. Aka ƙwanƙwasa gilashin da ƙarfi. Wade ne, yana nuna agogon hannunsa.

"Harba sauran," in ji Rhonda. "Ki yi murmushi in kin gama. Da mun fita zan ce binciken hukuma bai fito ba, an ce a jira. Yana faruwa, shi ma ya sani. Laifin ba naki ba ne, ba kuma nawa ba. Amma in ya zarge ki, kada ki kare ni. Ki zage ni. Kin ji?"

Carissa ta ɗaga bindigar. Ta ƙarasa harsasan, duka a cikin baƙin.

A kanta, Wade ya karɓi takardar ya ɗaga ta sama.

"Kai! Ashe da maharbiya nake kwana ban sani ba. Harlan, ka gani? Dole in riƙa wanke kwanuka." Ya yi dariya shi kaɗai. "To, a naɗe mana babbar."

Rhonda ta juya allon kwamfuta ya fuskance ta, ta yi ta danne-danne. Ta ɗan jira. Ta tsuke fuska.

"Kash. Sun ce a dakata."

"Su wa?"

"Hukuma. Sai sun ƙara bincike. Wani lokaci suna ne ke kama da na wani. Ku dawo tsakiyar mako."

Dariyar ta ɗauke daga fuskar Wade kamar an kashe fitila.

"Matar da ko tarar gudu da mota ba a taɓa ci mata ba? Juyo allon in gani."

"Ba a nuna wa kowa."

Ya ciro hannayensa daga aljihu, karon farko, ya dafa kantar. Harlan ya miƙe tsaye a can gefe, hannunsa na dama ya sauka kusa da bindigar da ke ƙugunsa, bai kuma ɓoye ba. Wade ya gan shi. A hankali ya juya ga matarsa.

"Me kika gaya mata a ciki?"

"Ni?"

"Na ga bakinta yana motsi. Me kika ce mata, Rissa?"

Fuskar Carissa ta yi fari fat. Sai kuma yarinyar ta juyo, ta buga tafin hannu a kan gilashin kantar har bindigogin ciki suka girgiza.

"Ce mata na yi ta daina sa mini ido, tsohuwar banza mai shisshigi! Tun a ciki take ƙoƙarin cusa mini wadda ban so. Yanzu kuma kin ɓata mana rana a wofi! Ranar hutunsa kenan guda, kin sani? Shago kamar kango, mutane kamar gawa!"

"Ki yi haƙuri, Madam, ba ni na..."

"Riƙe haƙurinki!"

Wade ya tsaya yana kallonta. Sannan gefen bakinsa ya ɗaga.

"Ya isa, ya isa, kar ki cinye ta ɗanya." Ya rungumo kafaɗarta. "Laraba zan aiko ta, Mama. In aka sake ce mana a dakata, akwai shaguna da yawa a garin nan."

Ƙararrawar ƙofa ta yi ƙara a bayansu. Rhonda ta bi su da ido a allon kyamara har suka shiga wata farar a-kori-kura. Motar ba ta tashi ba. Ta gilashin gaba ana ganin hannun Wade yana sama yana ƙasa, yana yi mata faɗa.

"Ko sunanta ba ki shigar ba," in ji Harlan.

"Ban shigar ba."

"In ya taɓa ta a filin nan zan kira 'yan sanda."

"Kira su mana. Su riƙe shi kwana guda, 'yar tata kuma tana hannun uwarsa."

Ƙofar motar ta buɗe. Carissa ta fito ita kaɗai, tana tafe da sauri, fuska a murtuke. Ta banko ƙofar shagon.

"Lasina!" ta faɗa da ƙarfi, yadda za a ji daga waje. "Har shi za ku riƙe?"

Yana nan a gefen kwamfuta, inda Carissa da kanta ta tura shi lokacin da take buga kanta. Rhonda ta miƙa mata. Carissa ta sunkuyar da kai tana cusa shi a jaka, leɓunanta da ƙyar suke motsi.

"Laraba yana aiki a wajen gari. Zan zo da Lacey. Ƙofar nan ta baya, a buɗe za ta kasance?"

"Ni zan tsaya a bakinta."

"Ta tsakiyar kuma, kada ki sayar wa kowa."

Aka danna hon a waje, dogo. Carissa ta ja tsaki mai ƙarfi, ta juya ta fita. Wannan karon motar ta tashi, ta hau titi, ta ɓace a cikin sauran motoci.

Rhonda ta nemi kujera ta zauna. Ta ciro waya tana neman lambar ƙawarta. Harlan ya mayar da babbar da ƙaramar cikin gilashi, ya tsaya riƙe da ta tsakiyar, wadda har yanzu bakinta da ɗumi.

"Mace mai irin wannan saiti, da irin wannan miji," in ji shi. "Za ki sayar mata?"

Wayar ta fara ƙara a kunnen Rhonda.

"Kai ta baya ka kulle," in ji ta. "Ka sake tambayata ran Laraba."