Mudi Ya Tafi Don Ya Dawo

Mudi masunci ne a Dagona, har shekarar da ciyawar kachalla ta cinye ruwan da yake kamun kifi. Sai ya ji wata ƙungiyar Turawa ta buɗe ofis a Gashuwa tana raba injin ban-ruwa. Ya wanke rigarsa ya je.

Jami'in ofishin, wani Martin, ya tambaye shi, "Ka taɓa zuwa Libiya?"

"Yallaɓai, ko Damaturu ban sani ba."

"To ba ka ciki. Na waɗanda suka kama hanyar Turai suka dawo ne." Ya rage murya. "Malam Mudi, masu aiko da kayan nan ba yunwarka ce ta dame su ba. Tsoro suke kada ka je ƙofarsu. Kai kuwa kana zaune, ba ka tsorata kowa."

Mudi ya koma gida yana juya maganar. Da kaka ta yi, ya sayar da kwalekwalensa, ya ce wa matarsa Mairam zai ɗan leƙa Libiya ne kawai ya juyo. Ya bi ta Machina ya tsallaka iyaka.

Bai kai ko bakin teku ba. Masu gadin hamada suka tare motarsu, suka miƙa su ga wasu masu bindiga. A can aka riƙa dukansa ana kiran Mairam a waya don ta ji ihunsa. Da suka gane ba ta da abin aikawa, suka datse masa yatsu uku na hannun dama, suka yar da shi.

Da aka maido shi gida, ya tarar ƙaramar 'yarsa ta rasu. Bai zauna ba, ya nufi Gashuwa.

"An rufe shirin injin," in ji Martin. "An yi zaɓe a ƙasar masu aiko da kayan. Sabuwar gwamnati ta ce gara a saya wa masu gadin hamada motoci." Ya daɗe yana kallon hannun Mudi. "Amma muna da taron wayar da kan matasa a Nguru ranar Talata. Za ka yi mana amfani. Akwai abinci."

Mudi ya je. Aka tsayar da shi gaban samari, aka ce ya ɗaga hannun. Mai ɗaukar hoto ya ce haske bai yi ba, sai Mudi ya matsa kusa da taga ya sake ɗagawa. Ya matsa, ya ɗaga.