Siton Alhaji Bawa Ya Yi Magana

Siton Alhaji Bawa manne yake da katangar gidansa a Jibiya. A da gidan giya ne na direbobin da ke kwana a bakin iyaka. Da Shari'a ta zo aka rufe shi, Alhaji ya saya, ya sa aka wanke, ya mai da shi ma'ajiyar wake. Duk kaka sai a cika shi, a jefa ƙwayar maganin ƙwari a tsakanin buhuna, magini ya liƙe ƙofa da tagogi da laka. Daga nan ba mai leƙawa sai bazara, don iskar ciki guba ce. Bara da aka fasa lakar, aka tarar danshi ya dafa waken, rabi ya yi baƙi ƙirin. Alhaji ya yi kwanaki bai ci abincin kirki ba.

'Yarsa Mutmainna, wadda ta karanta lantarki a Katsina, ta ce bana sai siton ya faɗi halin da yake ciki tun kafin ɓarna ta yi nisa. Ta haɗa wani ɗan akwati: tsinken awon zafi da za a soka cikin buhuna, da 'yar ƙwaƙwalwar lantarki mai karanta shi, da bulutut da zai aiko da labarin ta iska zuwa kwamfutarta a ɗaki. Waya ba ta da hanya, tunda Alhaji ba zai yarda a bar ko hudar allura a bangon ba. Shi dai ya ce ta yi, irin "yi mana" ɗin da ake ce wa yaro mai wasan ƙasa. Ta ji zafin wannan, ta haɗiye.

Abu ɗaya ne mai wuya a aikin. Ƙwaƙwalwar da ƙarfin wuta bolt biyar take magana, shi kuwa bulutut bolt uku da ɗoriya kawai kunnensa ke ɗauka. In aka haɗa su kai tsaye, kamar a yi wa jariri ihu a kunne ne. Don haka ta sa rasista biyu a tsakani, 'yan mitsi-mitsi kamar ƙwayar shinkafa, ɗaya ninkin ɗaya, su rage ƙarfin kafin ya isa.

Ranar Juma'ar da za a liƙe siton, ƙanen mahaifiyarta, Kawu Arzika, ya iso daga Maraɗi da batirin da ya yi mata alkawari. Shi ne mai gyaran wutar manyan motoci, kuma bai taɓa ganin waya ya wuce bai taɓa ta ba. Mutmainna ta shiga kawo masa fura. Da ta fito, sai ta ji ƙauri.

"Ɗiyata, na gyara maki," in ji Kawu yana goge hannu, fuska cike da fara'a. "Wa'anga 'yan ƙwarin su ka shanye kuran, wutar kenan. Na hidda su, na yi gada da waya. A kamiyo, manyan motocinmu, in fis na wuta ya dame mu haka mukan yi."

"Kawu, ina ka sa su?"

Ya nuna kwata da haɓa.

Bulutut ɗin ya ɗumama, fitilarsa ta mutu. Ran Mutmainna ya ɓaci ƙwarai, amma kawu ne, ba a ɗaga masa murya. Ta ajiye kwanon furar a gabansa a hankali, don in ba a hankali ba zai iya fashewa. Bulutut ɗaya ya rage mata. Rasista kuwa babu ko ɗaya.

Alhaji yana zaune a soro da rediyonsa a cinya. Tsohuwar rediyo ce mai rigar fata, tun yana saurayi ya saye ta, kuma gidan duk an san ko gobara ake sai ya ƙarasa jin labaran duniya. Ya saurari abin da ya faru, ya ce, "Ƙwari sun fara cin wake. In anka yi la'asar za a liƙe, da akwatinki ko babu shi."

Ta aika wurin mai gyaran rediyo na kasuwa, aka ce ya kulle ya tafi ɗaurin aure ƙauyen Riko. Katsina kuwa, ga Juma'a ga shingayen hanya, mai zuwa ba zai dawo da rana a sama ba. Kawu, da jikinsa ya yi sanyi, ya ce ko a gwada na ƙarshen hakanan, wataƙila shi ya jure. Ta ce a'a. Ta fasa tsohuwar caja, ta fasa tocilan, ta fasa wayar Uwa, mahaifiyarta, da ta taɓa faɗawa rijiya. Duk na zamani ne, rasistocinsu kamar tsaba, ba sa ciruwa.

Ta san inda manyan rasistoci suke, masu zoben launi. Kowa a gidan ya ga inda idonta ya nufa, Uwa ta girgiza mata kai. Duk da haka ta je soro ta durƙusa.

"Baba, abin da nika nema yana cikin rediyonka. In na cire, za ta yi shiru."

Alhaji ya dube ta, ya dubi rediyon. Ya tashi ya yi alwala, ya sa babbar riga, ya fita masallaci da Kawu a bayansa. Mutmainna ta koma ɗaki idonta ya ciko. A bakin ƙofarta ta yi tuntuɓe da rediyon, an ajiye ta a kan tabarma, har an zare mata rigar fatar.

Ta kwance bayan rediyon. Ƙura ta shekaru, da gawar kyankyaso. Ta bi zobban launi ɗaya bayan ɗaya har ta samu biyun da suka dace, ta narka dalmarsu ta zare su. Ta cire gadar Kawu ta jefar da ita inda ya jefa nata. Da ta liƙa su, ba ta yi gaggawar sa bulutut ba, sai da ta ɗora mitar awon wuta. Uku da ɗigo uku. Ta sake aunawa, don ba ta da wani in wannan ya tafi. Sannan ta yi bisimilla ta haɗa, fitila ta fara ƙiftawa.

Ta toshe bakin akwatin da kakin kyandir don kada gubar ta ci wayoyin. Kawu da kansa ya ɗauki batirin zuwa sito, wannan karon hannunsa bai taɓa komai ba sai abin da ta nuna. Bayan la'asar 'yan dako suka jefa ƙwaya, suka fito da gudu, magini ya shafe ƙofa da laka.

A ɗaki allon kwamfuta ya tsaya fari fat. Mutmainna ta matsar da tebur jikin bangon da ke kallon sito. Sai ga lambar zafin buhunan ta faɗo: talatin da ɗaya. Can wata ta biyo ta. Ta kifa kai a kan tebur ta yi hamdala.

Bayan magariba, lokacin da gidan ya saba yin tsit saboda labarai, ta ji sallama a ƙofarta. Alhaji ne, wanda rabonsa da shiga ɗakin nan tun tana goye. Ya zauna a bakin gado, hannuwansa a kan cinya, inda rediyo ta saba zama.

"Baba, gobe zan ba da saƙo Katsina a kawo wasu, in mayar maka."

"Ba gaggawa," in ji shi. Ya jawo kujera kusa da kwamfutar, ya gyara tabarau. "Karanta mani. Mi siton ya ce?"