Akuyar Jinya

Mai Faci yana cikin ɗora 'yarsa a kan babur sai ya ga matarsa ta fito janye da baƙar akuya.

"Ita ma zazzaɓin take yi?"

"Kai dai yi gaba, ina biye da ku."

Tun aurensu haka tsarin gidan yake: ana kiwon akuya ne domin ranar da wani zai kwanta. Tari ya ci ɗaya, haihuwa ta ci biyu, ƙafar surukarsa ta ci uwa da 'ya'yanta. Bara aka shigo ƙauyen da inshorar lafiya, ya biya, aka ba su kati mai hotonsa, a hoton ya zare ido kamar wanda aka kama da kayan sata. Tun daga nan ciwo ya yi musu yaji, awaki suka samu sarari har suka yi ƙiba. Shi kuwa ya ɗora ido a kan baƙar, don da ita yake son sayen kwanon rufe ɗakinsu kafin damina. Matar ta ce atafau, ita ba ta taɓa ganin takarda ta warkar da mutum ba.

A asibiti nas ta dubi katin, ta dubi fuskarsa, ta danne dariya. Aka gwada jinin yarinyar, aka yi mata allura, aka ba su magani. Sannan matar ta iso a ƙafa, ta ɗaure akuyar a ƙarfen taga.

"'Yar'uwa, ina ake biya?"

"An riga an biya, baiwar Allah."

"Har allurar?"

"Har allurar."

"Ta gaske ce dai ko?"

Nas ta jawo mata kujera. Suka daɗe suna ƙus-ƙus, shi kuma yana waje yana kokawa da akuyar, wadda ta fara cin furannin gwamnati.

Da suka fito, yarinyar ta ce yunwa take ji. Uwar ta taɓa goshinta, ta ji zafin ya sauka. Mai Faci ya turo babur, suna tafe a hankali, har suka zo daidai kasuwar dabbobi. Nan ta tsaya, ta miƙa masa igiyar.

"Shiga da ita, Malam. Kada ka bari dillalai su yi maka wayo."

"Alhamdulillahi! Yau kin yi imani." A ransa har ya fara buga ƙusa.

"Katin nan ƙarshen wata zai mutu, in ji nas. Sai an sabunta. Kuma wannan karon a sa har da Inna."

"Rufin fa? Ruwan nan daidai kaina yake zuba!"

Ta karɓi ledar maganin, ta gyara wa yarinyar ɗankwali.

"Sai ka mai da kanka wajen ƙafa."