Ban Gajiyar da Maikuɗi Ya Ƙi Yi

A wani ƙauye da ke gefen Kutama, al'ada ce idan mutum ya kira gayya aka yi masa noma, washegari ya bi gidajen waɗanda suka zo da ƙafarsa, ya yi musu ban gajiya. Ba a aike, ba a kuma haɗa mutane a yi musu a dunƙule. Kowa da ƙofarsa.

Maikuɗi ya san wannan, domin a nan aka yanke masa cibiya kafin ya tafi Kano sayar da kayan babur. Da mahaifinsa ya rasu, sai ya dawo ya shuka gyaɗa a gonar gado, ya kira gayya. Mutane suka amsa saboda mamacin. Har Baba Nata'ala, aminin mahaifinsa, ya zo da fartanya, ga ciwon baya. Shi kuwa mai gonar yana kan kujera a gindin ɗorawa, yana latsa waya. Da aka tashi, ya bi kunyoyi yana nuna ciyawar da aka tsallake da kan takalminsa.

Washegari Gwaggo Hajaratu, ƙanwar mahaifinsa, ta ce, "Maikuɗi, hantsi ya yi. Ba za ka zaga ba?"

"Gwaggo, ai sun ci tuwo. Da nama ma."

"Tuwo haƙƙin ciki ne, ɗan nan. Ina haƙƙin mutum?"

Sai ya ɗauki waya ya naɗi murya, baki cike da ƙosai, ya ce, "Jama'a, an gode," ya yi gyatsa, ya tura wa masu waya a haka. Saƙon ya zaga majalisa. Wasu suka yi dariya, Baba Nata'ala kuwa ya saurara, ya tofar da yawu, ya tashi.

Gyaɗa ta yi kyau, ta nuna. Amma ruwan ƙarshen damina ya ƙi ɗaukewa, kuma kowa ya sani gyaɗar da ta nuna idan ta daɗe a jiƙaƙƙiyar ƙasa tsirowa take yi, ta lalace. 'Yan ƙwadago duk suna gonakin wasu. Maikuɗi ya sake kiran gayya. Ranar ta zo, tuwo ya huce a akushi, ƙudaje suka yanyame miya, ko mutum ɗaya bai leƙo ba.

Gwaggo Hajaratu ta ɗauki sandarta. Tsohuwa mai ciwon gwiwa ta bi gida gida, tana durƙusawa a zaure.

"Malam Nata'ala, na zo ban gajiya."

"Gajiyar yaushe, Hajaratu? Ta bazara ko ta bara?"

"Ta noman gyaɗa. Ta makara, amma ga ta. Allah ya saka da alheri, ya raba ka da ciwon bayan nan."

Tsohon ya ce, "Tashi, kada ki sa ni kunya. Gajiya ta bi lafiya. Gobe za mu zo. Abinci ne, ba a barinsa ya ruɓe."

Abin da nama bai yi ba, kalmar tsohuwa ta yi shi. Da safe gona ta cika, har da waɗanda ba su zo na farko ba. Suna cira suna kifewa, suna tsokanar juna. Wajen kwari, inda ruwa ke kwanciya, gyaɗar ta riga ta tsiro, tana warin ruɓa, amma tudu lafiya lau yake, kuma shi ne mafi yawa.

Rana ta ɗaga, sai ga Maikuɗi a kan babur. Bai ce wa kowa sannu ba. Ya wuce tulin gyaɗa mai kyau, ya nufi kwari, ya ɗago wata ruɓaɓɓiya da yatsu biyu.

"Kun gani ko? Da kun zo ranar da na kira ku, da ba a yi wannan asarar ba."

Baba Nata'ala ya miƙe a hankali, ya kaɗe ƙasar hannunsa, ya dubi tsohuwar.

"Hajaratu, naki mun yi. Sauran nasa ne."

Ya saɓa fartanya, mutane suka bi bayansa, aka bar fiye da rabin tudu ba a taɓa ba. Gwaggo ta bi su zuwa bakin hanya tana yi wa kowa godiya da sunansa. Maikuɗi ya tsaya yana kiran lambobin 'yan ƙwadago, babu mai ɗauka. Kafin la'asar hadari ya haɗo daga gabas, aka kwana ana ruwa, kuma abin da ya rage a ƙasa bai sake fitowa a matsayin gyaɗa ba.